Injin ya dawo daga gyara, amma baƙin mai na yoyo

Na karɓi injin jirgin ruwana bayan an kwance shi gaba ɗaya an sake haɗawa, sai ga baƙin mai ya fara taruwa a ƙarƙashinsa. Raina ya ɓaci sosai, don man da ya zuba a cikin jirgi, a ruwa yake ƙarewa.

Ban taɓa sifana ba sai da na wanke injin tas. Inda mai ke ɗiga ba lallai nan ne yake fitowa ba. Gangarowa yake yi daga sama. Na barbaɗa hoda a gaɓoɓin, na tayar da injin har ya yi zafi, na bi shi da tocila. Sawun ya kai ni murfin bawul. Sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin murfin don hana mai fita, yakan ɗan kwanta bayan zafin farko, notuna su saki. Na ɗaure su a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Matsewa da ƙarfin tsiya murƙushe gaskit yake yi, yoyon ya ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne man da ke wajen sil ɗin bayan karanshaf, wato zoben robar da ke hana mai fita ta ƙarshen babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, domin canza sil ɗin sai an raba injin da akwatin giya. Kafin a zarge shi, a duba bututun numfashin injin. Sababbin zoben fistan ba su gama zama ba, iska na ratsawa ƙasa, idan bututun ya toshe sai ta tura mai waje ta sil mai lafiya. Cika mai fiye da alamar geji ma haka yake yi. Nawa bututun a lanƙwashe yake. Da na miƙe shi, wurin ya bushe.