Tsawon tafiya da yawan fita: yadda mai atisayen keke zai raba makonsa

Yawancin masu hawan keke don motsa jiki a Birnin Kebbi ma'aikata ne ko 'yan kasuwa, kuma da wuya a samu wanda yake da fiye da awa shida a mako da zai ba wa keke. Tambayar da ake yawan yi ita ce ko a haɗa awannin nan a yi doguwar tafiya ɗaya ranar Asabar, a je Argungu a dawo, ko kuwa a rarraba su a kan kwana huɗu. Ra'ayina shi ne yawan fita ya kamata ya zama ginshiƙi, doguwar tafiya kuma ta hau kansa.

Dalilin yana cikin yadda jiki yake karɓar horo. Duk lokacin da mutum ya tuƙa keke na awa ɗaya da gudun da bai hana shi magana da abokin tafiyarsa ba, zuciya da tsokar ƙafa suna samun saƙon cewa ana buƙatar ƙarin aiki daga gare su, sai jiki ya ƙara yawan ruwan jini, ya kuma ƙara ƙananan hanyoyin jini da suke kai wa tsoka iskar da take aiki da ita. Wannan saƙo ba ya daɗewa. Wanda ya sha wahala ranar Asabar sannan ya jingine keke har wata Asabar ɗin yana shafe kwana biyu ko uku yana jinyar ciwon jiki, sauran kwanakin kuma jikinsa yana zaune ba tare da wani abin da yake tura shi gaba ba. Masu babbar gasar tseren keke ta Faransa, wato Tour de France, waɗanda suke yin zango 21 cikin mako uku, ko a ranar hutunsu sukan hau keke su ɗan zagaya don kada ƙafa ta yi sanyi. Haka nan binciken Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya nuna cewa manyan 'yan wasan juriya, irin su masu tseren keke da masu gudun dogon zango, suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali, ragowar ne kawai suke matsa wa kansu.

Sai dai akwai abin da gajeriyar fita ba ta koyarwa. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa sosai bayan kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na tuƙi mai ƙarfi, kuma wanda bai taɓa wuce wannan iyaka ba bai san yadda ƙafa take mutuwa farat ɗaya ba, idanu su yi duhu, feda ta yi nauyi alhali hanya shimfiɗaɗɗiya ce. A doguwar tafiya ne mutum yake koyon ci kafin yunwa ta kama shi, ya riƙa jefa dabino biyu ko uku a baki duk bayan rabin awa, ya kurɓi ruwan da aka sa wa ɗan gishiri da sukari tun ƙishirwa ba ta zo ba. A nan ne kuma wuya da gadon baya da mazaunai suke sabawa da sirdi, domin a tafiyar kilomita 100 sau da yawa su ne suke fara kuka kafin numfashi ya gaza.

Saboda haka, mai awa shida zai fi cin riba idan ya fita sau uku a tsakiyar mako, kamar zuwa Kalgo da dawowa bayan sallar asuba, sannan ya ware sauran awa biyu da rabi ko uku don tafiyar ƙarshen mako ta hanyar Jega ko Argungu. Ba na son doguwar tafiyar ta wuce rabin jimillar awannin mako, kuma idan za a ƙara mata tsawo, a ƙara kaɗan-kaɗan, a riƙa sassautawa a mako na huɗu.

Yanayinmu ma yana da ta cewa, kuma shawarwarin da ake karantawa a intanet, waɗanda galibi aka rubuta don Turai, ba su san da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kebbi, kuma da hantsi ya dubi ludayi kwalta ta fara turiri, don haka a bazara gara a taƙaita tsawo a ƙara yawan fita, musamman da yake jiki yana sabawa da zafi ne ta hanyar haɗuwa da shi a kai a kai na kusan mako biyu. Lokacin hunturu ne ya dace da tafiye-tafiye masu nisa, in dai an rufe hanci saboda ƙura kuma ana goge kaca a sa mata mai bayan kowace fita. A watan azumi kuwa, fitar minti 40 a hankali gab da buɗa baki ta isa ta riƙe abin da aka gina, a bar tafiyar Argungu sai bayan sallah.