Keken lantarkina da tudun Jos

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ne na sauke injin keke napep ɗina, na ɗora masa na lantarki. Batir ɗin mai ƙwayoyi 24 ne, irin wanda 'yan kasuwa ke kira mai bolt 72, sai inji mai kilowat 3 da kwantirolarsa, wato na'urar da ke jan wuta daga batir ta auna wa inji. A miƙaƙƙiyar kwalta ba ka jin komai sai ƙarar taya. To amma Jos ba Kano ba ce. Ranar da na fara ɗauko fasinja uku da buhun dankali zuwa Tudun Wada, muna tsakiyar hawa keken ya soma nishi, ya tsaya cak, har ya fara ja da baya. Wata Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, mu sauka mu tura ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da dare na haɗa kwantirola da wayata, na buɗe manhajarta. Na yi abin da kowa ke fara yi, na ƙara wutar da take ja daga batir, daga amfiya 50 zuwa 80. Washegari tashi daga tsaye yana nan yadda yake. Ribar da na samu ita ce, da keken ya ɗan ɗauki gudu a tudu na murɗa totur, sai komai ya ɗauke ɗif, domin na'urar da ke gadin batir, wato BMS, amfiya 60 ce iyakarta.

Wani dattijo mai naɗa wayar injin famfo ne ya warware mini. Ya duba manhajar a wayata ya ce, "Yaro, lambobi biyu ne a nan, kai ka taɓa wadda ba ita ba." Ashe wutar batir daban, wutar da ke bin kauraran wayoyin nan uku zuwa cikin inji daban, kuma ta biyun ce ke ba taya ƙarfin juyawa. Idan keke na tafiya a hankali, kwantirola kan rage bolt ta mayar da shi amfiya, har a ja 30 daga batir amma fiye da 100 su zaga cikin inji. Tawa wutar injin a kan 100 aka kulle ta.

Na mayar da ta batir 55. Na cika jarkoki goma masu lita 25 da ruwa suka zama fasinjojina, su ba sa gori. Kullum da asuba in ƙara wa wutar inji amfiya 20, in hau tudun nan, in tsaya a rabi, in sake tashi. A 160 ya tashi ba gardama. Kwaɗayi ya sa na kai 200, kuma lallai ya hau kamar doki, sai dai da na dafa bayan injin ban iya barin hannuna ba, ga ƙaurin waya. Idan ka ninka wuta sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkuwa. Na koma 160, na jona wayar awon zafi da na bari tana lilo tun farko, don kwantirola ta riƙa rage wuta da kanta. Lissafi ma ya nuna ba ni da rara: kilo 600 a tudun da ke tashi mita 1 cikin kowane mita 10, da gudun kilomita 20 a awa, ya haura kilowat 3. Dole in sa ƙaramar giya in bi a sannu.

Gangara kuwa ban taɓa kawo ta a raina ba. Na saita birkin inji, wanda ke mayar da wuta cikin batir, ya yi ƙarfi sosai, har na manta da birkin ƙafa. Gidanmu a kan tudu yake. Wata safiya na fito da batir cike fal, bolt 87, na saki totur ina jiran inji ya riƙe keken. Shiru. Cikakken batir ba ya karɓar wuta, birkin inji ya tafi ke nan. Na danne na ƙafa, ashe ya cinye, ƙarfe ke gogar ƙarfe. Tarin yashin masu gini ne ya tare ni, ga yara 'yan makaranta sun yi cirko-cirko suna kallo.

A ranar na canja takalmin birki gaba da baya. Yanzu ina zare caja kafin batir ya cika, kuma kafin in kai bakin gangara sai na taka birki sau biyu na ji ya kama. Abokan sana'a a Taminus suna ta zuga ni wai in gwada shi a Hawan Kibo, dogon hawan nan mai haɗari na hanyar Akwanga. Na ce musu su bari jarkokina su huta tukuna.