TARIHIN RAYUWATA: Farin Kaya da Adaidaita Sahu (Kashi na 6)

A makon jiya mun tsaya a inda na tsallake PTS, watanni shidan farko da ake tankaɗe da rairaya a makarantar koyon aikin jinya, wanda duk ya faɗi a ce ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Na kuma ba ku labarin yadda wani Alhaji, aminin marigayi mahaifinmu, ya damƙa mini adaidaita sahu bisa sharaɗin in riƙa kai masa balas kullum. Yau za mu shiga shekara ta biyu, wadda ta fi gasa mini aya a hannu cikin shekaru ukun.

Da farko tsarin bai yi mini nauyi ba. Akwai wani yaron unguwarmu da muke karɓa-karɓa, shi ya yi safe, ni in karɓa bayan la'asar idan an tashi daga lacca. A shagon wani mai faci nake cire farin kayan jinya in ninke a leda, in zura tsohuwar riga. Daga nan sai titin Katsina da ke cikin Kano: Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, in juyo in gangara 'Yankura. Kuɗin gaske da dare yake, lokacin da 'yan kasuwa suka tashi, ga 'yan biki masu ɗaukar shata ba sa ma tsayawa ciniki. Sai a watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Mai yin aikin tun safe bai ji a jikinsa sosai ba. Ni da nake fara nema bayan la'asar, tsokar aka yanke mini aka bar ni da ƙashi.

Karatu kuwa a kan titi nake yin rabinsa. Ina rubuta abin hadda a 'yan guntayen kwali in manna a gefen gilashi, in an tsaya a danja ko an shiga cunkoson Ƙofar Ruwa in kai ido. Jijiyoyin nan 12 da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa a haka na haddace su. Akwai ranar da wata dattijuwa ta leƙo ta ga rubutun, ta ɗauka addu'ar tsari ce, ta ce, “Allah Ya yi maka albarka ɗan nan, haka ake so.” Na ce amin, ban gyara mata ba.

Da aka fara tura mu asibiti gadan-gadan, sai lissafi ya rikice. Aikin jinya kashi uku ne, safe da rana da dare, kuma ɗalibi ba shi da ta cewa a jadawali, inda aka jefa ka nan ka faɗa. Makon safe da sauƙi, na saba. Makon rana ina fita tun shida in kwashi 'yan makaranta da ma'aikata, in ajiye mashin kafin azahar. Makon dare ne abin tsoro, domin kowa gani yake yinin gaba ɗaya naka ne. Ka kwana a tsaye a kan marasa lafiya, ka miƙa aiki da safe, ka isa gida rana ta take, ga zafi ga rashin wuta ga ƙannenka suna guje-guje a tsakar gida. In ka samu barcin awa uku ka gode Allah. Umma takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Kai kuwa yau ba za ka haƙura da fitar nan ba? Dubi idonka fa.” Sai in ce mata, “Umma, balas bai san dutin dare ba.” Ba ta ƙara cewa komai, sai dai ta cika mini kula da abinci.

Ana cikin haka ranar 29 ga Mayun 2023 ta zo, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Muka ƙara kuɗin mota, fasinja suka koma takawa da ƙafa. Sai ka yi ta yawo daga Kurna har Bata da mutum ɗaya a baya, kana jin man yana ƙonewa a ƙirjinka. Na je na samu Alhaji bayan magariba, na durƙusa na ce, “Baba, a duba mana balas ɗin nan, abin ya fi ƙarfinmu.” Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Yaro, ni ma mashin ɗin nan ban gama biyan kuɗinsa ba. Amma ranar da ka kwana a asibiti ka kawo rabi.” Har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a. Mutane suna yawan zagin masu mashin, ni dai nawa bai ci zagi ba.

To a irin wannan makon na dare ne abin da zan ba ku labari ya faru.

Wata ranar da yamma a Rijiyar Lemo wani magidanci ya tare ni a guje, ya ce shata. Muka shiga lungu, aka fito da wani tsoho ranga-ranga, mutum biyu na riƙe da shi. Ina ganinsa gabana ya faɗi. Bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama ya saki, yana son magana harshen ya ƙi. Abin da aka koya mana a aji ne sak: fuska, hannu, magana. Ɗan nasa ya ce in kai su wajen wani mai magani a bayan unguwa, wai iska ce ta buge shi a banɗaki. Na juyo na ce, “Yaya, don Allah ku yi haƙuri, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. Baba yana da hawan jini?” Ya ce yana da shi, amma ya daina shan maganin tun da azumi, da ya ji sauƙi. Wannan maganar kuwa na ji ta a asibiti har ba adadi. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutanenmu ke ajiye magani da sun ji garau, ga tsadarsa kuma ta ba su hujja.

Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda, shi ma don wata 'yar tsohon da ke kuka ta sa baki. Na kai su sashen gaggawa na asibitin da nake fostin, wato inda makaranta ta tura ni koyon aiki, na taya su ɗora shi a gadon turawa, na karɓi kuɗina na fice. Ban ce musu ni ɗalibin jinya ba ne. Wa zai yarda, ga ni da silifas da baƙin mai a farce?

A daren ranar na shiga ɗakin maza cikin farin kayana, ana zagayen miƙa aiki gado-gado. Muna zuwa gadon ƙarshe na jikin taga sai ga tsohon nan, an sa masa ƙarin ruwa da robar abinci ta hanci. Ɗansa na zaune a kan tabarma. Ya dube ni, ya kau da kai, ya sake dubana.

Sistar da ke riƙe da ɗakin a daren ta ba ni gadajen ɓangaren nan. Aikin ɗalibi a wurin mai irin wannan ciwo ba ya ƙarewa. Ka auna jini da bugun zuciya da numfashi da zafin jiki ka rubuta. Ka juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba bayansa da ɗuwawunsa su yi gyambon kwanciya, wanda warkar da shi ya fi hana shi wuya nesa ba kusa ba. Ka lura da ruwan da aka ɗaura: leda mai mililita 500 da likita ya ce ta yi awa 8, a robar da ke ba da ɗigo 20 a mililita guda, ɗigo 21 ke nan a minti. Haka za ka tsaya da agogo a hannu kana ƙirga ɗigo, idonka na rufewa da kansa, kana cizon leɓe don kada ka ɓata lissafi.

Wajen ƙarfe biyun dare na hango ɗan nasa ya tallafo kan tsohon, ya kafa masa kofi a baki. Na yi sauri na riƙe hannunsa. Na ce, “Yaya, kada ku ba shi komai ta baki. Maƙogwaronsa bai dawo daidai ba, ruwan huhu zai tafi.” Ya ce rubutu ne aka aiko daga gida. Na ce ko zamzam ne, a bari a tambayi Sista, in ta yarda a zuba ta robar hanci. Sai ya fizge hannunsa, ya ɗaga murya har na gadon kusa suka farka.

“Kai malam, ba kai ne ɗan adaidaitan da ya kawo mu jiya ba? Wallahi kai ne! Yanzu ɗan adaidaita ne zai hana ni ba ubana magani? Wane irin asibiti ne wannan?”

Na rasa bakin magana. Ban ji kunyar sana'ata ba, ita ke ciyar da gidanmu. Tsorona ɗaya: ranar da muka shiga makaranta mun sa hannu a takarda cewa karatun na cikakken lokaci ne, kuma babu malami ko ɗaya da ya san ina jan mashin.

Sai ga takun takalmin Sista. Mace ce mai shekaru, ba ta da yawan magana, ɗalibai har mazan tsoronta suke ji. Ta karɓi kofin ta ajiye a kan loka, ta dubi mutumin ta ce, “Malam, shi ne ya kawo ku?” Ya ce shi ne. Ta ce, “Ku kuka ce ya kawo ku nan, ko shi ya ce?” Ya yi shiru, can ya ce, “Shi ya matsa.” Ta ce, “To da ka bi ta taka, da yanzu zaman makoki kuke. Abin da ya faɗa maka a kan kofin nan shi zan faɗa maka. Koma ka zauna.” Ya koma tabarmarsa yana ƙunƙuni. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, ta duba ledar ruwan, ta gyara wa tsohon matashi, ta wuce.

Sauran daren ban san yadda na ƙarasa shi ba. Da gari ya waye muka miƙa aiki, na ɗauki jakata ina sanɗa zan fice, sai na ji muryarta a bayana.

“Kai ɗalibi. Jiya da yamma kana kan titi, da dare kana nan. Yaushe ka yi barci?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, na ɗan runtsa da hantsi.”

Ta ce, “Kada ka tafi. Malamin da ke duba ku yana zuwa ƙarfe tara. Ka jira mu a ofishina.”

Abin da aka yi a ofishin nan, da shi za mu tashi mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.