Kundin Asabar: Romon Ƙashin Kaza Don Baba

Hazo ya sauka sosai yau, da asuba ko gidan da ke kallon namu ba a gani da kyau. Baba kuma mura ta kwantar da shi, ga tari, ga baki ya ƙi karɓar abinci. Umma ta kira ni da hantsi ta ce tuwon jiya ko taɓa shi bai yi ba, shayi kawai yake kurɓa. Na ce mata kada ta wahalar da kanta da girkin dare, zan kawo romo bayan la'asar.

Kasuwar Tarauni na nufa, wajen masu kaji. Ban kalli kajin gidan gona masu ƙiba ba, waɗanda ake yankawa suna da sati shida ko bakwai. Ƙashinsu bai ƙosa ba, romonsu salam yake fita. Tsohuwar kaza na saya, wadda ta gama ƙwai aka fitar da ita. Namanta tauri gare shi, amma ita ce mai romo. Da aka yanka aka fige, na ce a haɗa mini da ƙafafu da wuyoyi. Yaron da ke figar ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke da kika sayi kaza sukutum, me za ki yi da ƙafa?" Dariya kawai na yi. Ƙafar kaza ba ta da tsoka, fata ce da jijiya da guringuntsi, kuma a nan ne sinadarin kolajin ya fi taruwa. Idan ya daɗe a wuta sai ya narke ya koma jelatin, shi ne yake ba romo kauri, har idan ya huce ya daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana.

Da na dawo na cire tsokar ƙirji da cinya na ajiye gefe, na sassara ƙasusuwan. Ƙafafun na zuba musu ruwan zafi, na sale ɓawon nan mai rawaya, na yanke faratan. Duka na juye a tukunya da ruwan sanyi kamar lita 3, ya sha kansu. A kurfoti na ɗora, don ba zan ƙarar da gas a kan ƙashi ba. Da ya fara zafi kumfa mai toka-toka ta taso, na bi ta da ludayi ina kwashewa har ta daina. Daga nan na rufe rabin garwashin da toka. Wannan shi ne wurin da masu gaggawa ke ɓata romo: idan yana tafasa fafal-fafal, mai da ruwa sai su cakuɗe, ya fito da dusu-dusu da nauyi a baki. So ake yana ɗan motsi kawai, kumfa ɗaya nan, ɗaya can.

Na jefa albasa biyu, ɗanyar citta da na daddaka, tafarnuwa, kanumfari kaɗan, masoro, da kimba guda ɗaya tak, don idan ta yi yawa ɗaci take kawowa. Karas sai can gaba. Na bar shi awa biyar. Na san a intanet akwai masu cewa sai ya kwana ya wuni a wuta, amma ƙashin kaza ba na saniya ba ne, kuma su ba su san kuɗin gawayi ba.

Ina cikin gadin tukunya Yaya ta shigo. Tana jin ƙamshi ta ce, "Ke, ashe kin ga bidiyon nan da na tura miki!" Na gani mana. Wata ce a WhatsApp take rantsuwa romon ƙashi yana warkar da ciwon gwiwa, yana goge tamojin fuska, yana maganin gyambon ciki, wai har ya fi madara ƙarfafa ƙashi. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, rabin zancen nan talla ne." Kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi ba ya fita cikin ruwa sai ɗan kaɗan, ko an ɗiga khal ko lemon tsami kamar yadda suke cewa. Mai neman kalsiyam gara ya sha nono, ya ci zogale da riɗi da ƙananan kifin nan da ake taunewa da ƙayarsu. Shi kuma kolajin, ciki ba ya aika shi gwiwa kai tsaye. Narkar da shi yake yi kamar kowane furotin, jiki ya kai inda yake da buƙata. Yaya ta taɓe baki, ta ce ni dai komai sai na kawo boko.

To amma ba wai romon ba shi da amfani ba, in ba haka ba me ya kai ni kasuwa cikin wannan ƙura? Mai mura yana buƙatar ruwa a jiki, ga shi ba ya son sha. Romo mai ɗumi yana shiga ba gardama, yana lallashin maƙogwaro, yana ɗauke da ɗan furotin. A 1978 wasu likitoci a Miami ta Amurka sun gwada, suka ga shan romon kaza mai zafi yana sa majina ta fi saurin tafiya a hanci fiye da ruwan zafi zalla, sai dai cikin rabin awa abin ya koma yadda yake. A 2000 kuma wani bincike a Jami'ar Nebraska ya nuna romon kaza yana rage zirga-zirgar wasu fararen ƙwayoyin jini masu haddasa kumburi, amma a ɗakin gwaji aka gani, ba a jikin mutum ba. Tun kafin su ma, Musa bin Maimun, likitan nan haifaffen Kurɗuba da ya yi aiki a fadar Salahuddin a Masar, yana ba marasa lafiya shawarar shan romon kaza. Sauƙi yake kawowa, ba waraka ba, kuma ni sauƙin nake nema wa Baba.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne gishiri, saboda hawan jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ban sa ko ɗaya ba. Daddawa na daka na zuba a ƙarshe, da ɗan gishiri a bakin yatsu. Na tace da rariya, na kwashe man da ya taso sama, na dafa tsokar ƙirjin a ciki na yayyaga ta, na ƙara shinkafa kaɗan ta yi luguf. Romo zalla ba ya riƙe ciki.

Umma ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai na asibiti ne, ina magin?" Na ce, "Umma, ki matsa masa lemon tsami ki gani." Baba dai bai ce komai ba, ya sha har gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya ce a rage masa na safe. Na roƙi Umma kada a bar maganin hawan jinin, kuma idan zazzaɓi ya taso ko numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti za a tafi ko da tsakar dare ne.

Sauran romon na tsoma tukunyarsa cikin bahon ruwan sanyi don ya huce da wuri, tunda bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba. A firij yana kwana uku zuwa huɗu, amma da yadda ake ɗauke mana wuta ban yarda da wannan lissafin ba. Gobe zan sake tafasa shi sosai in yi wa yara faten acha da shi. Yaya kuma, duk da taɓe bakinta, ta turo saƙo yanzu tana tambayar nawa na sayi ƙafafun.