Ƙananan ɗigon da suka ci mini mako biyu

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Aikin ba wani mai wuya ba ne: in cusa filasmid pUC19, wato wani ɗan zoben DNA, cikin ƙwayoyin bakteriyar E. coli, in shuka su a farantin aga (daskararren abincin ƙwayoyi) mai maganin kashe bakteriya ampisilin, in tsinci waɗanda suka karɓa. Zaman ƙwayoyin a ƙanƙara da tsoma su a ruwa mai zafin digiri 42 na daƙiƙa 45 duk sun tafi lafiya lau. Inda na kwafsa, da yammacin Juma'a na saka farantin a na'urar ɗumama, ban sake leƙa shi ba sai Litinin. Awa 16 ake so, ni na ba shi sama da 60.

Da na buɗe sai ga manyan ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro 'yan kaɗan, kowanne ƙanana sun yi masa zobe kamar kaza da 'yan tsakinta. Na ce a raina manyan nan haɗewa suka yi, ƙananan ne tsarkaka. Na tsinci shida na zuba a ruwan LB, ruwan rainon ƙwayoyi, mai ampisilin. Washegari ruwa garau, ko alamar tsiro babu. Na zargi na'urar girgizawa, na zargi ruwan, na haɗa sabo. Har sau uku ina komawa farantin nan ina tsintar ƙanana!

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ne ya ɗaga farantin a haske, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai 'yan cin arziki kake ta ɗiba."

Abin haushin, na san karatun. Kuromosom ɗin E. coli, wato babban zaren DNA ɗinta, ya kai harafin DNA kusan miliyan 4.6, amma babu garkuwar da za ta kare ta daga ampisilin a cikinsa. Garkuwar tana kan ɗan zoben filasmid mai harafi 2,686 kacal, wanda ke sa ƙwayar ta riƙa yin wani sinadari, enzayim beta-laktames, da ke farfasa maganin. Abin da bai shiga kaina ba shi ne, enzayim ɗin ba ya tsayawa kan mai shi, har maganin da ke kewaye yake cinyewa. Shi kuwa ampisilin ginin bangon ƙwaya yake hanawa, don haka ƙwayar da ke rabuwa tana hayayyafa yake kashewa, wadda ta yi lamo ba ruwansa da ita. Marasa filasmid da suka tsira sai su jira maƙwabci ya share musu fili, su tsiro a inuwarsa. Da na ɗauke su na jefa cikin sabon magani, sai ta ƙare musu.

Babban ɗigon da na raina, shi na tsinta ranar, dare ɗaya ruwa ya yi kauri.

Yanzu karbenisilin, ɗan'uwan ampisilin, nake sakawa in akwai, ya fi jurewa. Ina saita ƙararrawar waya a awa 16, kuma ban ƙara shuka faranti ranar Juma'a ba sai in na san zan dawo Asabar da safe.