Littafin zanen da nake yawo da shi a aljihu

Tambayar da aka fi yi min in an gan ni tsugune da fensir gaban tsohon gida ita ce, "Malam ba ka da waya ne, ka ɗau hoto mana ka huta?" Ina da waya, ina ɗaukar hoton ma, amma wallahi abin da hannu ya zana daban yake da abin da kyamara ta ɗauka. Hoto cikin ƙiftawar ido an gama ka wuce, ba lallai ka san me ka ɗauka ba. Zane kuwa dole ka zauna ka ƙirga zankayen da ke saman soron, ka ga inda indararo ya fito, ka lura ashe layin nan da ke zagaye ƙofar zaure shiga yake ƙarƙashin ɗan'uwansa ya sake ɓullowa ta can gefe, kuma maginin da ya yi shi da yatsu ya yi tun laka tana ɗanya.

Littafin nawa ba wani mai tsada ba ne, ƙarami ne mai farar takarda marar layi wanda zai shiga aljihun kaftani. Fensir biyu sun ishe ni, HB na fitar da siffa, 2B ko 4B na inuwa, sai biro baƙi in ina sauri. Kilina na daina ɗauka da gangan, saboda layin farko ko ya karkace yana nuna min yadda idona ya fara ganin abin, in na goge shi na rasa wannan. Gawayi yana da daɗin aiki amma yana ɓata shafin da ke kallonsa, sai ka sa wata takarda a tsakani. A kusurwa kuma kullum ina rubuta rana da unguwa da ɗan abin da na ji, wani lokaci da boko wani lokaci da ajami.

Abin da ya fi cika min littafin nan gine-ginen ƙasa ne na cikin birnin Zariya da Kano, kuma nan ne zuciyata take. Duk wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure bakan gizon nan da azara da laka, zai gane mutanen nan sun san lissafi sosai. To gwada zana shi ka gani, nan za ka sha mamaki, baka ɗaya sai ya ci maka rabin yini kafin ka gane daga ina ya taso ina ya haɗu da sauran. Haka Gidan Makama da Gidan Dan Hausa a Kano, su kam ana kula da su, amma na cikin lunguna fa? Damina ta zo bango ya zube, magada su raba gida, a kawo bulo da siminti a yi shaguna, kuma ba laifinsu ba ne don yaɓe da makuba kowace shekara kuɗi ne da wahala, masu iya aikin ma sun yi ƙaranci. Akwai bangayen da suke cikin littafina yanzu waɗanda in ka je unguwar ba za ka same su ba, abin yana ci min rai gaskiya.

Wasu 'yan'uwa suna min magana kan hukuncin zana mai rai, kuma ina girmama wannan, shi ya sa ni dai na fi karkata ga gini da itatuwa da ado. Kuma ai fagen yana da faɗi, ga dagi, ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga zayyanar allon sauka, ga sassaƙen ƙwarya, ga ƙirar hular zanna bukar, mutum zai shekara bai ƙare ba. Ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka nace a kai ke nan, a koyi dabarar makaranta amma a koma a dubi adon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo ya tattara ya gina aikinsa a kai. Mu namu yana nan a bango da riga muna wuce shi kullum.

Ba na sa komai a Facebook ko Instagram, mafi yawan shafukan ni kaɗai na san su, don da zarar ka fara tunanin wa zai yaba sai hannu ya fara tsoro. In za ka fara, je ka gaida mai gidan tukuna ka nemi izini kafin ka zauna masa a ƙofa, sau tari ma dattijon zai sa a kawo maka tabarma ya gaya maka sunan maginin da zamanin sarkin da aka yi ginin, sai ka rubuta a gefen zanen. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin ne rana ke bugun bango ta gefe har tudu da kwarin adon su fito sosai.