Shekara biyu da kadet ɗin ruwa na unguwarmu a nan Ingila

Gaskiya da farko ni ne na ƙi. Babban yaron gidan nan ya dawo daga makaranta da wata takarda a hannu, wajen watan Satumba na 2022, wai abokinsa yana zuwa Sea Cadets, wato ƙungiyar da ke koya wa yara fareti da aikin jirgin ruwa, shi ma yana so, mamansa ta ce a jira Abba ya dawo, ni kuwa ina jin an haɗa ruwa da soja a magana ɗaya na ce a'a, ko takardar ban karɓa ba. Lokacin shekararsa 12. Kuma ba haka kawai na ƙi ba, ko shekara ba a yi da abin da ya faru a Bagwai ba, ƙarshen Nuwamba 2021, da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Maulidi, aka rasa rai fiye da 20 yawancinsu yara ƙanana. Na kwana biyu hotunan nan ba su bar idona ba. Ni da na tashi a gidan da in aka ji ka je kududdufi sai ka sha bulala, yaya za a yi in ɗauki ɗana da hannuna in kai shi ruwa.

Mamansa ce ta yi ta bi na a hankali, ta ce Malam ka je ka gani da idonka mana kafin ka yanke hukunci. Sai muka je wani daren Talata. Garinmu a tsakiyar Ingila yake, babu teku ko kusa, wani madatsin ruwa ne kawai da tsohon gini a gefensa, amma su ginin nan jirgi suke ɗaukarsa, har sunan jirgi gare shi da TS a gaba, wato Training Ship, jirgin horo, haka duk rassansu suke. Ƙarfe bakwai daidai wata yarinya da ba za ta wuce shekara 15 ba ta busa wani siririn usur na ƙarfe, yara wajen 30 suka jeru tsit, aka buga ƙararrawa aka ɗaga tuta a hankali. Abin da ya fara kama ni ke nan, babu wanda ya ɗaga murya da zagi babu bulala a hannun kowa, amma yaran nan da na san yadda suke a bas da kan titi sun nutsu kamar an yi ruwa an ɗauke.

Na tare shugabar wajen da tambayoyi kuma ban ɓoye mata komai ba. Na ce so kuke ku mayar min da yaro soja? Ta ce a'a, babu wani alkawari da yaro yake ɗauka na shiga sojan ruwa, in ya kai 18 ya gama shi ke nan, wanda yake so ya nema da kansa. Ta ce ƙungiyar agaji ce, rundunar sojan ruwan Birtaniya tana tallafa musu amma kowane reshe shi yake nemo kuɗin wuta da gyaran rufi da na jiragensa, kuma rassan sun kai wajen 400 a faɗin ƙasar. Ita kanta da rana aikin asibiti take yi, nan ɗin sa kai ne ko sisi ba a biyan ta. Daga baya ne na ji tarihinsu cewa tun 1856 abin ya samo asali, bayan yaƙin Kirimiya, da ma'aikatan jirgi suka dawo suka tarar da marayu suna gararamba a garuruwan bakin teku suka fara tara su suna koya musu aikin jirgi. Kuɗin wata 'yan fam kaɗan ne, yunifom kuma aro ake ba yaro. Na sa hannu, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Duk lokacin sanyin nan ba su shiga ruwa ba sam, fareti ne da ƙulle-ƙullen igiya da taimakon gaggawa da karatun taswira. Yaron da sai an yi da gaske yake ɗauke kwanon da ya ci abinci, sai ga shi daren Litinin yana zaune da auduga da ɗan ruwa a murfin gwangwani yana zagaya hancin takalmi da kiwi, ƙaramin da'ira ƙaramin da'ira, awa guda cur, har sai ya ga fuskarsa a ciki. Sau ɗaya na ɗauki wandonsa na goge masa don in taimaka, ya ce Abba don Allah ka bari, in aka tambaye ni wa ya goge ba zan iya ƙarya ba. Tun daga ranar ban ƙara taɓa kayansa ba, ko jakar da zai tafi sansanin ƙarshen mako da ita shi yake haɗa abarsa, ranar da ya manta safa ya sha sanyi bai sake mantawa ba.

Azumin 2023 ya zo mana da wani abu da ban zata ba. Da aka canza agogo a ƙarshen Maris sai magariba ta koma wajen bakwai da rabi har zuwa takwas da wani abu, tsakiyar darasinsu ke nan. Na yi niyyar in ce ya huta sai bayan Sallah, amma shugabar da kanta ta kira ni ta ce su huɗu ne masu azumi, za a matso da hutun shan shayi ya dace da lokacin buɗa baki, kuma ga wani ɗaki an share in za su yi sallah. Mamansa ta soya ƙosai ta dama kunun gyaɗa na kai, kafin minti goma babu ko ɗaya, har waɗanda ba sa azumin. To ta nan ne fa na shiga kicin ɗinsu. Aka ce in zan riƙa zuwa sai an yi min binciken nan na DBS, wato duba ko mutum yana da tarihin laifi, da ake yi wa duk mai aiki da yara, aka yi, na zauna kwas ɗin kare yara, yanzu duk Talata da Alhamis ni ne mai shayi da biskit da wanke kofuna.

Ranar da ba zan manta ba a watan Mayu ne, ranar da za a koya musu kifewar jirgi. Ban san da gangan ake yi ba wallahi, ba wanda ya gaya min ko kuma an faɗa ban fahimta ba. Ina tsaye a bakin ruwa da kofin shayi, yaron yana cikin wani ɗan ƙaramin jirgi mai filafili shi da wata yarinya, kawai sai na ga jirgin ya karkata filafilin ya kwanta a kan ruwa su biyun sun faɗa. Innalillahi kawai na iya cewa, na yar da kofin na ruga kan gadar katakon da ake ɗaure jirage ina kwala masa kira, ni da ko iyo ban iya ba. Wani dattijo cikin malamansu ya sha gabana ya buɗe hannuwa ya ce ba za ka wuce nan ba babu rigar ruwa a jikinka. Na ce ɗana ne fa! Ya ce na sani, shi yana da riga kuma ga jirgin ceto can kusa da shi, kai ne ba ka da komai, in ka faɗa mutum biyu za mu raba hankalinmu a kai. Raina ya ɓaci sosai a lokacin, amma na tsaya, kuma ina kallo yaron ya fara kiran sunan yarinyar sai da ta amsa, sannan ya zagaya bayan jirgin ya kama wani allo da yake fitowa daga ƙarƙashinsa ya hau da nauyin jikinsa, jirgin ya miƙe a hankali ruwa yana zuba daga filafilin, ya ɗauko ta a ciki. Duka bai fi minti biyu ba. Sau uku suka maimaita ranar.

A mota muna komawa haƙoransa suna kaɗawa don sanyi ya ce Abba abu na farko da ake koya mana shi ne kar ka bar jirgin ko ya kife, ka riƙe shi, jirgi ya fi kan mutum sauƙin gani daga nesa. Na yi shiru ina tuƙi ina tunanin yaran Bagwai, da jiragen da ake lodawa har ruwa ya kusa taɓa baki a Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, babu riga ko ɗaya, babu wanda ya ƙirga mutum nawa suka shiga. Nan kuwa kafin kowa ya taka gadar sai an duba igiyar rigarsa an ja ta da hannu an tabbatar ta kama, an rubuta sunansa a allo, in sun fito a sake ƙirgawa a goge suna ɗaya bayan ɗaya. Ba wani abu ne mai tsada ba, allo ne da alli da mutum ɗaya da ya ƙi yarda a karya doka ko don uban yaro. Mu mun taso ana cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, gaskiya ne, amma hana mu zuwa kusa da shi da aka yi bai koya mana komai ba sai tsoro, kuma ranar da mutum ya samu kansa a ciki tsoron ba ya fitar da shi.

Bana abubuwa sun yi yawa. A Oktoba an zaɓi yara uku daga reshenmu suka je babban faretin Trafalgar a Landan, na tunawa da yaƙin ruwan 21 ga Oktoba 1805 wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa, namu bai samu shiga ba ya ji haushi na kwana biyu ya wuce. A Nuwamba sun tsaya ƙofar kanti suna sayar da jan furen nan na tunawa da sojoji, ranar Lahadin kuma suka yi maci zuwa dandalin gari aka yi shiru na minti biyu ƙarfe 11. Ina tsaye a cikin taron na tuna tsofaffin da muke kira 'yan Boma, Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da aka kwasa aka kai dajin ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, da muka koma gida na zaunar da shi na ba shi labarinsu don a makaranta ba a taɓa ambata masa su ba. Ya samu ƙarin girma ɗaya, ya ci jarrabawar tuƙin jirgi mai filafili matakin farko, yanzu burinsa ya hau TS Royalist, babban jirginsu mai filafilai da ake kwana shida a teku, muna tara kuɗin a hankali. Ƙanwarsa ma ta matsa sai ta shiga, na tambaya game da hijabi aka ce ba matsala za ta sa abinta a ƙarƙashin hula.

Matsalar da muke ciki yanzu rufin ɗakin ajiye jirage ne yake yoyo, kuma manya masu sa kai sun yi kaɗan, akwai yara a layi suna jiran gurbi ba don komai ba sai don babu isassun manya da za su kula da su. Na yi wa mutanenmu magana a masallaci bayan Juma'a, mutum biyu sun ce za su zo su gani.

Ni kuma tun watan Janairu nake zuwa koyon iyo na manya duk safiyar Asabar, ina da shekara 44. Makon jiya na yi mita 25 ban taɓa ƙasa ba, yaron yana tafiya a gefen kwamin yana bi na har na taɓa bango. Asabar mai zuwa daga can za mu wuce wajen kankare jiragen da aka fito da su, a shafa musu fenti kafin Afrilu.